Sunan da Inna Ba Ta Kira

Wata ranar Laraba ce a tsakiyar damina, muna hutun ƙarshen shekara, ni ina shirin shiga aji uku na firamare. An kwana ana ruwa, gari ya waye sama ta washe tas. Da hantsi muka fito daga gidanmu da ke wani ƙauye a bayan Kademi, ni da yayata Saude, ita da ƙullin wankin da Inna ta ɗaura mata a ka, ni da sabulu da ƙaramar roba ina tafe ina kaɗa ta. Mun baro kakarmu a tsakar gida tana ta mita a kan wani abu, ban saurara ba don ina nawa surutun. Gero ya riga ya fi Baffa, mahaifinmu, tsawo, hanyar ƙafa ta matse a tsakanin gonaki har ganye na shafar fuska yana jiƙa mana wuya. Balbelu na bin shanu a can gefen fadama, 'yan kwaɗi ƙanana na tsalle a gabanmu, ƙasa kuwa tana tashin wani ƙamshi da har yau in na rufe ido ina jin sa a hancina. Shekaruna takwas, nata goma sha biyu. Tun daga ƙofar gida har bakin kududdufi bakina bai huta ba, ita kuma sai dariya take yi, can ta ce, "Aku, wai ke ba kya gajiya?"

Aku shi ne sunan da kowa ke kirana da shi a gida, kuma wallahi sunan bai zalunce ni ba. Iya, kakar tamu ta wajen uba, ita ta laƙaba min shi, wai tun ranar da na iya magana ta daina sayen batirin rediyo. In ana surfe ina magana, in ana tankaɗe ina magana, in an aike ni kai wa Baffa fura gona sai na tsaya na ba duk wanda na gamu da shi labari, in isa bayan ya gama cin rai. Yaya Saude kuwa hannunta ke magana. Ita ke tatsar akuyar Iya, ita ke share tsakar gida kafin rana ta fito har ka ga sawun tsintsiya ya yi zane a ƙasa, ita ke yi min kitso a gindin darbejiya, ta matse kaina a tsakanin gwiwoyinta ina ihu tana cewa saura kaɗan, alhali ko rabi ba ta yi ba. A carafke ba a cin ta, a 'yar gala-gala ma haka. A makaranta in an buga ƙarfen tashi sai in same ta tsaye a bakin ajinmu da ɗan ƙullin gyaɗa a hannu, in hanya ta yi taɓo ta goya ni ta tsallake, ƙafafuna na kusan jan ƙasa. Da yamma mu gasa masara a bakin murhu, ta karya ta ba ni gefen da bai ƙone ba.

Akwai abu guda da sai na faɗe shi kafin a gane sauran labarin. Yaya Saude 'yar fari ce, Inna kuma, mahaifiyarmu, daga gidan makiyaya ta fito a wajen Ajingi, mutanen da kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye Yaya aka mai da ita ɗakin Iya. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. In za ta aike ta sai ta ce da ni, "Ce wa waccan ta ɗebo ruwa." In ta dama fura sai ta miƙo min kwano biyu ta ce, "Kai wa 'yar Iya." Akwai wata maƙwabciyarmu mai irin sunan, ita ma Inna ba ta taɓa ambatarta ba, sai dai ta ce matar mai ɗinki. Ni da wautata sai na ɗauka ni ce 'yar gaban goshi, har ina yi wa Yaya gori. Sai da na girma na tuna cewa kwanon da ake cewa in kai mata shi ne kullum ya fi kauri da kindirmo, kuma in ta wuce da tulu a ka, Inna kan dakata da daka ta bi ta da ido ƙasa-ƙasa har ta shige.

Kududdufin namu wurin ɗiban ƙasar gini ne da rani, in damina ta yi sai ya cika ya zama tafki. A ranar ya cika har ya shanye dutsen da mata ke wanki a kai. Ba kowa a wurin, duk an tafi gona. Ruwan ya kwanta luf, sama na ciki da gajimarenta, bado kuma ya rufe rabin tafkin, furanninsa farare sun bubbuɗe. Yaya na wanki, ni ina shanya a kan ciyawa: rigar Baffa, zanen Iya mai ruwan shuni, ɗankwalin Inna. Sai idona ya sauka a kan wani fure da ya fi sauran girma, can ciki kaɗan. Na ce, "Yaya, ciro min wancan." Ta ce a'a, ruwa ya yi yawa. Na bubbuga ƙafa, na ɓata fuska, na ce in ba ta ciro ba zan faɗa wa Iya ita ce ta fasa mata ludayin fura. Ta yi tsaki tana murmushi, ta cire silifas, ta ɗaure zane a ƙirji, ta shiga. Ruwa ya kawo mata gwiwa, ya kawo ƙugu. Ta miƙa hannu ta tsinko furen, ta ɗaga min shi sama in gani. Ashe a nan ne magina suka haƙa rami mai zurfi da ranin da ya wuce, mu ba mu sani ba. Ta ƙara taku ɗaya don ta juyo, sai ban sake ganin kanta ba. Hannu ya fito sau biyu. Furen ya yi ta juyawa a kan ruwa.

Ni kuma na tsaya. Wannan tsayuwar ita ce na ɗauka a kaina shekara talatin da wani abu. Akwai manoma a gonar da ke bayan shinge, ina jiyo ƙarar fartanyarsu, har da waƙar da ɗayansu ke yi. Ihu ɗaya ya isa. Ni Aku, wadda ake roƙo ta yi shiru, na buɗe baki babu abin da ya fito. Ƙafafuna suka kafe a taɓo, hannuna riƙe da ɗankwalin Inna yana ɗiga. Komai ya yi nisa, komai ya yi shiru, ina ganin balbelu na wucewa a hankali, ina ganin inuwar gajimare na tafiya a kan ruwa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Wata mata da ta kawo tumakinta shan ruwa ce ta gan ni a sandare, ta ga silifas ɗin Yaya a bakin ruwa, ta kurma ihun da ni na kasa yi. Kafin azahar aka fito da ita, kafin la'asar aka kai ta makwancinta.

Gida ya cika. Iya ta yi kuka har ta shiɗe, Baffa ya zauna a zaure hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba. Inna kuwa tana ƙuryar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a ƙasa, busasshe. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban surukai, haka aka rene ta. Ina jin mata masu gaisuwa na raɗa, "Kai, matar nan akwai kawaici." Ni ban san kawaici ba a lokacin. Abin da na sani shi ne na je na tsaya a bakin ƙofarta ina jiran ta ɗago, ta kira ni, ko ta dake ni ma, ba ta ɗago ba. Sai na yanke wa kaina hukunci irin na 'yar shekara takwas: Inna ta san ni na tura ta, ta san ban yi ihu ba, kuma ba za ta sake iya kallona ba. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Da Baffa ya so tambaya, Iya ta ce, "A bar yarinya, kada a tayar mata da hankali."

Daminar nan kaf ban yi magana ba. Aka cire gyaɗa, aka yanke gero, aka ɗaure aka jera a rumbu, ina bin mutane da ido. In aka juye ruwa daga tulu zuwa randa, ƙarar nan kaɗai sai jikina ya ɗauki rawa in tsuguna a inda nake. Iya ta ce iska ce. Aka kawo wani tsoho daga wajen Gaya, ya duba ni ya ce mutanen ruwa ne suka ɗauki babbar, kuma suna neman ƙaramar. Ya ba da garin magani a riƙa yi min hayaƙi, ya kafa sharaɗi biyu: kada in kusanci tafki, kada kuma a ambaci mamaciyar a gabana, wai suna jiyo sunan su biyo shi. Kowace safiya Iya ta lulluɓe ni da bargo a kan kasko, hayaƙi ya cika min hanci in rasa numfashi, a cikin duhun bargon nan kuwa ruwan nake gani ya rufe ni. Ba na ƙullatar Iya, Allah ya jiƙanta. Tana yi tana tofa min addu'a tana kuka, iyakar abin da ta sani ke nan. Amma ga abin da ya faru: da can mutum ɗaya ce ba ta kiran sunan Yaya Saude, yanzu gidan gaba ɗaya ya daina. Aka kwashe kayanta, aka naɗe tabarmarta. Nakan zauna a gindin darbejiya ina tambayar kaina ko an taɓa yin ta ma, ko dai mafarkinta na yi.

Da aka koma makaranta aka zaunar da ni a bencin baya. In malaminmu ya kira suna, hannu kawai nake ɗagawa. Yara suka sauya min suna daga Aku zuwa Bebiya. In an fita tara sai in jingina da bango ina kallon manyan 'yan mata suna carafke, ina jiran wata ta juyo da fuskar da na sani. Magana ta dawo min wajen bazara, ranar da akuya ta tsoma kai a buhun dusa na daka mata tsawa ban sani ba. Iya ta rangaɗa guɗa, aka yi sadakar waina, aka ce na warke. To, baki ya buɗe kam. Na yi karatu, na zama malamar firamare, na yi aure a Ajingi, na haifi 'ya'ya uku. Wanda ya gan ni a aji ina ta zuba zai rantse Aku ta dawo da ƙarfinta. Sai dai mijina, Malam Sabi'u, ya san abin da ke nan. A gidana ba a barin ruwa a bokiti ko na minti ɗaya, randa kuwa da murfi, da dutse a kan murfin. In hadari ya haɗo sai in kama faɗa da kowa ba gaira ba dalili. In kwaɗi suka fara kuka sai in ƙure rediyo. In yaro ya makara daga islamiyya kaɗan, na riga na gama yi masa jana'iza a zuciyata. In kuma mun je gida gaishe da Inna, in durƙusa in gaishe ta ina kallon tabarma, ita ma ta amsa tana kallon tabarma, mu yi zancen amfanin gona da ciwon ƙafarta, kafin la'asar na ce yara na da makaranta gobe. Ina son uwata, Allah ya sani, amma na kasa zama da ita na awa biyu.

Abin ya fashe ne a daminar da 'yata Ummi ta cika shekara takwas. Na dawo daga aiki ina gyaran kuɓewa a tsakar gida, sai ga ta da gudu, siket jiƙe har gwiwa, ta ɓoye hannu a baya tana dariya. "Mama, rufe idonki." Na rufe. Da na buɗe, furen bado ne fari a gaban hancina. An ce min na mare ta har ta faɗi jikin turmi, na kuma yi ta ihu har maƙwabta suka shigo. Ni ban tuna ba. Abin da na tuna shi ne warin taɓo da ɗankwali jiƙaƙƙe a hannuna, alhali kuɓewa ce a hannun. Kwana uku Ummi na ganina tana raɓewa jikin bango, tana kallona ta ƙasan ido. Na san kallon nan. Nawa ne, wanda na yi a bakin ƙofar Inna. Malam ya zaunar da ni ya ce, "Maman Ummi, addu'a muna yi kuma ba za mu daina ba, amma asibiti za mu." Na ce shi ke nan, ya mai da ni mahaukaciya. Ya ce in na ga dama in zage shi a mota, amma dai sai mun je.

Muka shiga bas daga Ajingi zuwa Kano, na ja mayafi har hanci kada wani ɗan garinmu ya tambaye ni ina za ni. Na zaci ɗaure ni za a yi, ko a danna min allura. Sai aka shigar da ni wani ɗan ofis mai kujeru biyu da fanka, ga wata mata sa'ata da tabarau, likita ce irin waɗanda suka karanci halayyar ɗan Adam, aikinta sauraro da magana. Ta ce in faɗi abin da zan iya, in bar wanda ba zan iya ba. Zuwana uku na farko duk ina yi mata surutun banza, labarin ɗalibai da na taki da na ƙafar Inna, tana saurare ba ta katse ni. Kafin ta bari mu taɓa maganar tafki, sai da ta koya min yadda zan riƙe kaina in abin ya taso: in kafa ƙafa a ƙasa sosai, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali, in ambaci abubuwan da idona ke gani ɗaya bayan ɗaya, in faɗa wa kaina yau wace rana ce, kuma shekaruna nawa. Na ce a raina, yanzu wannan wasan yaran na baro Ajingi na zo yi? Amma ranar da aka yi ruwa na gwada shi a kicin, sai na ga abin ya lafa.

A zuwa na biyar ko na shida na faɗa mata. Na fara daga hanyar gero har na kai inda na tsaya ban yi ihu ba, na ce, "Likita, ni na kashe ta, sau biyu ma." Ta bar ni na yi kukana. Sannan ta tambaye ni ko na taɓa lura da 'yan tsaki in shirwa ta kawo sura, wasu su watse, wasu su lafe a inda suke ko motsi ba sa yi. Ta ce jikin mutum haka yake. In tsoro ya fi ƙarfinsa, ko ya gudu, ko ya yi faɗa, ko ya sandare, kuma ba ya shawara da mai shi. Ba ƙin ihu na yi ba, maƙogwaron ne ya kulle. Ta ce abin da ke damuna ciwo ne sananne da ke biyo bayan mummunar firgita: ƙwaƙwalwa ta kasa ajiye ranar a cikin abubuwan da suka wuce, sai ta bar ta a buɗe, ɗan wari ko 'yar ƙara ta mai da mutum can ɗungurungum. Nawa kuma ya yi jijiya ne don bai tsaya a rana ɗaya ba. Shirun gida, da hayaƙin kowace safiya, da shekarun da na yi ina ganin uwata ba ta son ganina, duk sun hau kai sun danne. Sai ta ce, "'Yarki shekarunta takwas. In ita ce ta roƙi fure, za ki ce ta yi kisa?" Na buɗe baki in ce ai ni daban ce, na rasa ta inda nake daban.

Wata da watanni muna yi. Na maimaita labarin nan ya fi a ƙirga, kowane zuwa zafinsa na raguwa, har ya zama ina iya faɗarsa in ji baƙin ciki ba tare da ɗakin ya juya da ni ba. Na rubuta wa Yaya wasiƙa a bayan littafin shirya darasi. Na roƙi Ummi gafara, na kuma gaya mata ina da yaya mai suna Saude wadda ba a cin ta a carafke. Malam ya riƙa kai ni bakin wani tafki a hanyar Gaya, da farko mu tsaya nesa a kan babur, daga baya na sauka, daga baya na tsoma yatsa. Abu ɗaya ya rage. Likita ta ce, "Kin ce Inna na ganin laifinki. Ita ta faɗa miki?" Na ce ai ba sai ta faɗa ba. Ta ce, "To ya aka yi kika sani?" Wata biyu na yi ina kewaye tambayar nan. Sai ƙanena da aka haifa bayan rasuwar Yaya ya bugo waya ya ce Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, hawan jini ne, ta farfaɗo dai amma ta rame. Na ga in na ƙara jinkiri, za a kai ta makwancinta da amsata a bakinta.

Na same ta da hantsi a gindin darbejiyar nan, tana ɓarar gyaɗar iri a faifai. Iya da Baffa duk sun rasu, gidan ya yi mata yawa. Na gaishe ta, amma maimakon in koma gefe sai na hau tabarmarta na zauna, na jawo faifan muka ci gaba da ɓara tare. Na kafa ƙafata a ƙasa yadda aka koya min. Na ce, "Inna, ranar nan, ni na ce ta ciro min bado. Ba ta so ba, ni na matsa mata. Da ta nutse kuma ban yi ihu ba. Ki yafe min."

Hannunta ya tsaya. Can ta ce, "Bado?" Ashe ba ta taɓa sani ba. Ta ce, "Ni na aike ku fa. Iya ta ce a bari ruwa ya janye, na ce kaya sun yi datti. Da kika tsaya a bakin ƙofa na kasa ɗagowa, na ɗauka kin zo ki ga uwar da ta tura 'ya'yanta ruwa. Da kika daina magana, na ce da ni kika daina."

Na ce, "Wayyo Inna, shekara talatin!"

Ta dafa kafaɗata ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki. Ina jin ta tana buɗe tsohuwar akwatinta. Ta fito da wani ƙulli, ta zauna, ta kwance. Silifas ɗin nan ne da aka tsinta a bakin ruwa, sun bushe sun ƙanƙance, sawun yatsun na nan a jiki. Ta ɗora su a cinya tana shafawa, ta ce, "Ba wanda ya sani. Sai kowa ya tafi gona nake fito da su." Sannan a hankali ta ce, "Saude." Ta sake cewa, "Saudena." Tun da nake ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Ta kifa kai a kafaɗata ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Larabar nan, ni kuma wannan karon muryata ta fito, ta fito sosai, har matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambayar ko lafiya.

Yanzu babu kududdufin. An cike shi an yi gidajen bulo a kai, a gefe har da shagon cajin waya, yara kuma a famfo suke ɗiban ruwa. Matan yanzu sunan ɗan fari suke ƙwalawa tun daga bakin titi, suna sa hotonsa a fuskar waya. Wani lokaci ina kewar kawaicin iyayenmu, ina tuna kwanon nan mai kauri da kindirmo da idon da ke bin yarinya har ta shige, don soyayya ce ta gaske. Na dai san abin da ya ci mana. Ba zan ce na warke sarai ba. In hadari ya haɗo ƙirjina kan ɗan matse, sai in kafa ƙafa in ja numfashi, ya wuce. Bokiti kan kwana da ruwa a gidana, Ummi kuma takan kawo min bado in sa shi a kofi a kan taga. Inna ta ƙara damina biyu a duniya. A cikinsu duk hutu a wurinta nake yi, muna ɓarar gyaɗa tana ba ni labarin ranar da aka haifi Saude, da haƙorinta na farko, da ranar da ta fara tafiya ita kuma ta laɓe a bayan rumbu tana kallo don kada Iya ta gan ta tana murmushi. Ashe surutun nan ma a wurinta na gado shi. Damina biyu muka samu, ni da ita. Talatin ɗin da suka wuce, tabarma ɗaya muka yi ta kallo, kowacce na jiran ɗayar ta ɗago.